Kuskuren Alƙalami a Duwala: Wa Ake Yi wa Dariya, Wa Ke Biyan Kuɗin Gyara?

Da Françoise Foning ta rasu a watan Janairun 2015 sakamakon hatsarin mota, jaridun Kamaru sun cika da tarihinta. 'Yar kasuwa ce daga yankin Dschang. Ta faro da gidan abinci da motocin tasi, ta shiga majalisar dokoki, sannan ta riƙe kujerar magajiyar gari ta gunduma ta biyar a Duwala tun daga 2002 har ranar da ta cika. A 2005 ƙungiyar mata masu kamfanoni ta duniya, FCEM, ta zaɓe ta shugaba. Duk da haka, in ka ambaci sunanta a majalisar 'yan boko a Duwala, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne Faransancinta. Na kasuwa ne, ba na aji ba. Shekara da shekaru ana kwaikwayon maganarta, ana tsince kurakuranta ɗaya bayan ɗaya ana shewa.

Ba kare ta na zo yi ba. Jigo ce a jam'iyya mai mulki ta RDPC, ta kuma shugabanci yankin da ya haɗa da Makepe, inda ruwa ke shiga gidajen mutane da damina. Akwai tambayoyi masu nauyi da suka cancanci a yi mata: ina magudanan ruwa, ina kuɗin haraji, wa aka ba rumfunan kasuwa. Da waɗannan ake auna magajin gari. Sai dai tsintar kuskuren nahawu ta fi bin diddigin kasafin kuɗi sauƙi, ta kuma fi daɗi, don mai tsintar yana tashi da jin cewa ya fi wanda ya tsinta. Mutanen Kano sun san irin wannan. Alhaji Sabo Bakin Zuwo wata uku kacal ya yi yana gwamna a ƙarshen 1983, amma har gobe ana ba da labaran Turancinsa, na gaskiya da na ƙage. Kaɗan ne za su iya gaya maka abin da ya yi ko ya kasa yi a ofis, balle shekarun da ya kwashe a gwagwarmayar NEPU da PRP.

A Kamaru abin har sana'a ya zama. Fitaccen ɗan wasan barkwancin ƙasar, Jean Miché Kankan, wanda ya rasu a 1997, malamin makaranta ne mai suna Dieudonné Afana Ebogo, amma ya yi suna ne da fitowa a rigar ɗan kasuwar Bamileke mai karyayyen Faransanci. Gwani ne, babu musu. Abin lura dai shi ne wanda ake wa dariyar, wato mutumin da ya sami kuɗi bai sami makaranta ba. Su ma 'yan kasuwa suna da nasu martanin: masu dogon fensir suke kiran 'yan boko. Tsakanin waɗannan ɓangarori biyu Bahaushen Duwala yake neman abincinsa, kuma galibi ba shi ke riƙe da fensirin ba.

Daga Akwa zuwa New Bell

Tsakanin Akwa da New Bell tafiyar 'yan mintoci ce a kan bensikin, wato acaɓar Duwala. A Akwa ne babban titin Boulevard de la Liberté yake, da bankuna da kamfanonin inshora, da otal ɗin Akwa Palace, da cibiyar al'adun Faransa, da kwalejin Libermann wadda manyan ƙasar da dama suka fito daga cikinta. A New Bell kuwa akwai babban masallaci, da babban kurkuku, da lunguna masu cunkoso, kana matsawa kaɗan ka faɗa kasuwar Kongo, inda ake cinikin atamfa da shadda, teloli na ta taka keke.

Asalin unguwar ma takarda ce ta haife ta. Tun wajen 1910 Jamusawa suka ƙudiri kwashe mutanen Duwala daga bakin kogin Wouri, su mayar da su can ciki, a bar fili mai faɗin kilomita guda tsakaninsu da Turawa. Sarkin gidan Bell na lokacin, Rudolf Duala Manga Bell, ya yi karatu a garuruwan Aalen da Ulm na Jamus. Ya san Jamusanci, ya san dokar Jamus, ya kuma yi ta aika koke zuwa majalisar dokokinsu a Berlin cikin harshen da babu mai kushe shi. Ranar 8 ga Agustan 1914 aka rataye shi tare da magatakardansa Ngoso Din. Duk wanda ke ganin tsabtar harshe ce ke sa masu iko su saurari mutum, ya tsaya ya yi tunani a kan wannan rana.

Mutanen Duwala da yawa sun ƙi tarewa a sabuwar unguwar, sai baƙi suka cike ta: Basa, Bamileke, Ewondo, mutanen gaɓar Afirka ta Yamma, da Hausawa, waɗanda fatauci ya kawo bakin teku tun zamanin Jamusawa. Masaniyar tarihi Lynn Schler ta rubuta littafi sukutum a 2008 kan waɗannan baƙi na New Bell da yadda suka gina wa kansu rayuwa nesa da idon Turawan mulki. A kudancin Kamaru kuwa, duk Musulmin arewa mai doguwar riga Bahaushe ake ce masa, ko Bafulatani ne, ko Babarbare, ko Shuwa. Don haka idan aka raina rubutun "Bahaushe" a wani ofis a Akwa, jama'a ce mai yawa ta shiga ciki.

To, dubi mutumin da ake rainawar. A gida Hausa yake yi. Da masu shanun Ngaundere sai ya juya Fulatanci. Da mutumin Bamenda, ko Inyamurin da ke sayar da kayan gyaran mota a Camp Yabassi, sai Turancin buroka. Da ɗan sanda da mai sayen yadi sai Faransanci. In direban Njamena ne, ya ɗan taɓa Larabcin Chadi. Ya sauke Alƙur'ani, ko ya yi nisa a cikinsa. Wasu dattawan har yanzu da ajami suke rubuta sunayen masu bashi da adadin kuɗi a ɗan littafinsu, kuma ba sa ɓata lissafi. Wannan mutum in an miƙa masa fom a banki sai hannunsa ya ɗauki rawa, ya juya ya ce wa ɗansa, "Zo ka cike mini." A idon akawun da ke gabansa, wanda bai wuce harshe biyu ba, jahili ne ya zo.

Dukiyar da ke yawo tsakanin tashar jiragen ruwan Duwala da arewa, ta jirgin ƙasan da ya isa Ngaundere a 1974 da manyan motocin da ke zarcewa Njamena da Bangi, kaso mai tsoka nata bisa amana yake tafiya. Mai gida ya tsaya wa baƙo, dillali ya shaida, a ba da shanu bashi a biya bayan an yanka. Masani Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan tun 1969, kuma duk inda zangon Hausawa yake haka abin yake. Marigayi Alhaji Mohamadou Abbo Ousmanou na Ngaundere, wanda ya rasu a 2023, da yaron mota ya fara, bai yi zurfi a boko ba, amma ya kafa kamfanin masara na Maïscam, ya ɗauki masu digiri aiki. A wannan duniyar, abin da ke zubar da mutum shi ne ya ci amana sau ɗaya. Ba wanda ke tambayar yadda yake rubuta suna.

Ina aka samo ma'aunin?

Mai wa'azin Kirista Alfred Saker ya sauka Duwala a 1845, ya buɗe makaranta, ya kammala fassara Baibul zuwa harshen Duwala a 1872. Ke nan akwai gidaje a bakin teku da suka gaji karatun boko tun kaka da kakanni, tun kafin a yi tunanin kafa aji ɗaya a Marwa ko Garwa. Har yau gwamnatin Kamaru da kanta tana lissafa jihohin Adamawa, Arewa, Arewa Mai Nisa da Gabas a matsayin yankunan da ke bukatar kulawa ta musamman a harkar ilimi. Idan aka jera ɗan irin waɗannan gidaje na bakin teku da ɗan da iyayensa suka zo daga Kuseri, can arewa, aka ba su shifta ɗaya, kamar a auna tsawon mutum biyu ne alhali ɗaya na tsaye kan turmi.

Da Faransawa suka karɓi ƙasar, a farkon shekarun 1920 suka fitar da dokokin da suka tilasta koyarwa da Faransanci zalla. Yaron da harshen uwarsa ya suɓuce masa a harabar makaranta sai a rataya masa wata alama ta wulaƙanci, ba zai rabu da ita ba sai ya kama wani ya yi irin laifinsa. Sarkin Bamun, Ibrahim Njoya, ya ƙirƙiro wa mutanensa haruffan rubutu nasu na kansu tun ƙarshen ƙarni na 19, ya buɗe makarantu a Fumban. Makarantun suka mutu a hannun Faransawa, shi kuma aka kai shi gudun dole Yawunde a 1931, can ya rasu a 1933. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: a 1916 an buga wa hafsoshin sojan Faransa ɗan littafi na koya musu wani gurguntaccen Faransanci da za su riƙa yi da sojojin Afirka. Su suka koyar da karyayyen harshen da gangan, sannan aka shekara hamsin ana yi wa baƙar fata dariya da shi a tallace-tallace da littattafan yara.

Sarauniyar wannan makaranta ita ce shifta, wadda suke kira dikte. A tsohuwar jarrabawar kammala firamare ta tsarin Faransa, kuskure biyar a shifta sifili ne, sifili kuwa yana kayar da yaro gaba ɗaya ko da ya cinye lissafi. Rubutun Faransanci kuma ba ya bin kunne. Haruffa da yawa ana rubuta su ba a furta su, ƙarshen aikatau kamar é da er da ez duk sauti ɗaya ne a baki, sai wanda ya haddace ƙa'ida ne zai san wanne zai sa. Su kansu masu harshen fama suke yi. Ma'aikatar ilimin Faransa tana maimaita shifta guda ɗaya, mai kimanin layi goma, ga 'yan ajin ƙarshe na firamare. A 1987 matsakaicin kuskuren yaro 10.7 ne. A 2021 ya kai 19.4. Yaran da aka haifa cikin harshen ke nan, masu littattafai a gida da malamai masu albashi a kan kari. Abin da shifta ke aunawa shi ne shekara nawa ka zauna a aji, wane irin aji, da kuma ko akwai mai duba maka aiki da daddare. Ba ta gano mai hankali, ba ta gano mai gaskiya.

A Kamaru kuwa shiftar ba ta ƙarewa da barin makaranta. Sanarwar ɗaukar ma'aikata da ta jarrabawar shiga aikin gwamnati sukan nemi takardar roƙo rubutacciya da hannu, wani lokaci da kan sarki a manne, wanda kuɗinsa ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500 a 2023. Mai neman aikin gadi, ko tuƙi, ko dako a sito, dole ya jera waɗancan dogayen kalmomin girmamawa na ofis kafin ya kai ga bukatarsa. Takardar da ta zo da kuskure a layin farko ba kasafai ake karanta layi na biyu ba. Me ya haɗa iya tuƙa tirela daga Duwala zuwa Garwa-Bulai da sanin inda ake sa s marar sauti? Shi ya sa shagunan buga takardu suka cika gefen ofisoshi da kotuna. Ka biya a tsara maka, ka kwafe da hannunka. Yanzu kuma wayar hannu ta shigo, tana gyara jimla, tana ma rubuta wasiƙar gaba ɗaya. Takarda mai tsabta ba ta ƙara zama shaidar komai ba, sai dai shaidar cewa mai ita ya san inda ake zuwa.

Duwala ta ɗanɗana kuɗarta a hannun masu daɗin baki. A shekarun 1990 ne 'yan damfarar da ake kira feymen suka yi tashe a birnin, da kwat da manyan motoci da zance mai santsi, suka wanke attajirai a ciki da wajen ƙasar. Addininmu ya riga ya yi gargaɗi a kan haka. A hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗakar da masu kawo ƙara cewa wani kan fi wani iya tsara hujja har a yanke masa abin da ba nasa ba, kuma wanda ya karɓi irin wannan, wuta ya karɓa. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa yana roƙon a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna saboda ya fi shi fasahar harshe, ya kuma nuna mana wanda ya yi wa Musa gorin rashin iya bayani. Fir'auna ne. A wani hadisin na Nana A'isha, mai karatun Alƙur'ani yana tuntuɓe, yana shan wuya, lada biyu aka yi masa alkawari.

Inda kuskure ke da haƙori

Kada a ɗauka cewa nake yi rubutu kowane iri daidai ne. Al'adar da ta yi wa mai tuntuɓe alkawarin lada biyu ita ce kuma ta haifi ilimin nahawu don tsare karatun Alƙur'ani daga kuskure. Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka, ba a yafe masa wasali ɗaya. Bambancin a fili yake. Ɗalibi ana yi masa uzuri, wanda ya ɗauki alƙalami a matsayin amanar jama'a ba a yi masa. Mai rubuta adadin magani, mai tsara yarjejeniyar hayar rumfa, mai cike takardar kwastan a tashar jiragen ruwa, mai fassara a kotu, ɗan jarida, malamin aji, duk waɗannan rubutu ne aikinsu, da shi suke cin abinci. In sun yi sakaci, a tuhume su, kuma tuhumar adalci ce.

Abin takaicin shi ne a Duwala an kifar da ma'aunin. Ɗauki maganar suna. Sunayenmu na Musulmi ba su da tsayayyen rubutu a Faransanci, kowane akawu da yadda kunnensa ya ji. Usman ɗaya zai fito Ousmanou a takardar haihuwa, Ousmane a takardar makaranta, Oussoumanou a katin shaida. A'isha ta zama Aïssatou a nan, Aichatou a can. Muhammadu kuwa ba a magana. Uban yaron, wanda bai iya karanta abin da aka rubuta ba, ya karɓa ya yi godiya ya ninke ya adana. Sai bayan shekara goma sha biyar ko ashirin, ranar da yaron zai zauna babbar jarrabawa, ko zai nemi fasfo don aikin Hajji, ko zai karɓi kuɗi a banki, kwamfuta ta ce wannan mutum biyu ne. Dokar rajistar haihuwa ta 1981, wadda aka shafe shekaru ana aiki da ita, ta ɗora gyaran irin wannan takarda a kan hukuncin kotu. Ma'ana kuɗin kan sarki, kuɗin mota, shaidu, ranakun da ba a buɗe rumfa ba, wani lokaci har tafiya garin da aka haifi mutum, can arewa. Akawun da ya yi kuskuren ba ya biyan ko dala. Ba ma a san sunansa ba. Wanda bai taɓa riƙe alƙalamin ba shi ke biya, kuma a layin da yake tsaye yana jiran gyaran, wani akawun na iya yi masa tsawa don bai cike fom daidai ba.

Wannan sakaci na masu iko ya taɓa kai ƙasar inda ba a zata ba. Kundin tsarin mulkin Kamaru ya daidaita Faransanci da Ingilishi, amma shekara da shekaru mutanen Bamenda da Buea, yankin masu Ingilishi, suna kukan takardun gwamnati da tambayoyin jarrabawa da ke zuwa musu da gurguwar fassara, ko babu fassarar sam. Da lauyoyin yankin suka fara yajin aiki a watan Oktoban 2016, cikin kokensu har da rashin fassarar Ingilishi ta dokokin kasuwanci na OHADA, da turo musu alƙalan da ba su ƙware a harshen da tsarin shari'arsu ba. Malamai suka bi sahu a watan Nuwamba. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: yaƙi, da dubban rayuka, da 'yan gudun hijira da suka cika Bonaberi a ƙetaren gadar Wouri. Ba fassara kaɗai ta jawo shi ba, tushensa ya fi haka zurfi. Amma gwamnatin da ke auna yaro da shifta ta daɗe tana aika wa 'yan ƙasarta takardun da ba su karantuwa, sai a 2017 ta kafa hukumar kula da harsunan biyu, dokar harsunan hukuma kuma sai a Disambar 2019.

Akwai gaskiyar da ya wajaba a gaya wa iyaye a New Bell, ko da ba ta da daɗi. Duniya ba za ta daina auna 'ya'yansu da wannan ma'auni gobe ba. A cibiyar al'adun Faransa da ke Akwa, matasa na rububin jarrabawar Faransanci ta TCF, wadda makinta ke buɗe ko rufe ƙofar Kanada, ƙasar da 'yan Kamaru suka shiga sahun gaba wajen ƙaura zuwa cikinta a 'yan shekarun nan. Faransa kuma, bisa dokar shige da fice ta Janairun 2024, ta ɗaga matakin harshen da ake nema ga mai son zama ɗan ƙasa zuwa B2 daga farkon 2026. Wanda ya ce wa yaro ƙa'idar rubutu ba komai ba ce, ya cuce shi. A koya masa, a matsa masa, ya iya fiye da mai gorin. Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, da Faransancin nan ta rubuta ƙuncin matan arewa na auren dole, ta ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020, duniya ta ji abin da ake ɓoyewa a bayan katanga. Sai dai a tuna Lapiro de Mbanga ma ya girgiza ƙasar, shi kuwa da burokar 'yan tasha ya yi waƙa, irin harshen da Jami'ar Buea ta kafa alluna tana hana ɗalibai yi. Hukuma ta fahimce shi sarai. A 2008 aka yanke masa ɗaurin shekara uku, ya kuma ɗanɗani zaman kurkukun New Bell ɗin nan.

Namu tudun

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Matashin New Bell bai taɓa zama ajin Hausa ba ko na kwana ɗaya. In zai rubuta harshen uwarsa a WhatsApp ko Facebook, da haruffan da makaranta ta ba shi zai rubuta: sannou, ina kouana, tchikin gari. Sai wani daga Kano ko Zariya ya shigo ƙarƙashin rubutun ya ce wannan wace irin Hausa ce, ku je ku koyo. Na sha ganin haka, kuma kowane lokaci raina ɓaci yake yi. Yaron nan jikan fatake ne, kakanninsa sun bar ƙasar Hausa shekara ɗari ko fiye, yana zaune a birnin da harsuna ke cinye juna, amma ya riƙe Hausa har yana ƙoƙarin rubuta ta. Maimakon a ce masa madalla, sai a yi masa abin da akawun Akwa ya yi wa ubansa.

Ƙa'idar da ake taƙama da ita ma ba ta tsufa ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun boko a 1912. Haruffa masu ƙugiya sai a shekarun 1930 suka zauna, zamanin Rupert East a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su daga 1939. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, kuma har yau akwai harafin da ƙasashen biyu ke rubutawa daban. Mai gorin kansa, in ka duba shafinsa, yace da nagode da zanzo yake rubutawa a haɗe, bai damu da bambanta baƙi da baki ba. Mutum ne da zai ji kunya in an kama shi da kuskure ɗaya a Turanci, amma Hausa yana rubuta ta yadda ta zo masa. Ga wanda ya yi digiri a Kano, ko yake aiki a gidan jarida ko gidan rediyo, wannan sakaci ne, kuma shi ya kamata a yi wa magana, don an koya masa, ya yar.

Ɗan New Bell kuwa ba a koya masa ba, kuma hanyar koya masa a buɗe take. Kamaru tana da haruffan bai ɗaya na rubuta harsunanta tun 1979, ɓ da ɗ na ciki, masu rubuta Fulatanci suna aiki da su. Dokar ilimi ta 1998 ta ambaci raya harsunan ƙasa a makarantu. Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, abin da zai ƙara yawan littattafai da takardun da ake bugawa da ita. Yaron da ya riga ya san haruffan Faransanci, abin da ya rage masa kaɗan ne, domin rubutun Hausa yana bin kunne: ya san u na tsayawa ita kaɗai ba sai da o ba, c ta wadatar a madadin tch, sai ƙugiyoyi, sai inda ake raba kalma. Aikin 'yan makonni ne ga malami ɗaya da allo ɗaya. Makarantun Islamiyya na unguwar suna da ɗakunan, suna da yaran, kuma albashin malamin bai fi ƙarfin 'yan kasuwar Kongo su biyar ba.